Dare Mahutar Bawa: Yadda Ɗalibi Zai Ƙwato Barcinsa Daga Hannun Waya

A shekarar 2022 yajin aikin malaman jami'o'i ya zaunar da ɗalibai a gida wata takwas cur, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A cikin waɗannan watanni na je ƙauyenmu da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, lokacin noman firi, aka yi mini shimfiɗa a shago ɗaya da ɗan yayana, wanda a lokacin yake aji biyu a wata jami'a a Kano. Wajen ƙarfe biyu na dare na farka. Garin tsit, sai kukan kwaɗi daga kududdufi. A cikin gidan sauron da ke gefena kuwa fuskar yaron ce ke haskawa, babban yatsansa yana ta jan gilashin waya sama, sama, sama.

Da asuba sai da aka tashe shi sau uku. A gona na tsaya bayansa ina kallon kunyar da ya bi: fartanyarsa ta sare ciyawa, ta haɗa da gero. Mahaifinsa ya duba ya girgiza kai ya ce, "Gangar jikin ce ta zo gona, mai ita yana can cikin waya." Da muka zauna shan fura a gindin ɗorawa na tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, datar dare ce. Ta fi araha, kuma in ban cinye ta kafin gari ya waye ba, ta ƙone."

Wannan amsa ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu, saboda shi da ire-irensa: 'ya'yanmu da ke karatu a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Northwest, da ta Aliko Ɗangote a Wudil, da Kwalejin Ilimi ta Bichi, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san gonarmu ba ta hutu. Mutane sun yi yawa, fili ya yi kaɗan, saboda haka ba a barin saura. Gona ɗaya ake nomawa shekara da shekaru, kuma abin da ya hana ta mutuwa shi ne takin da ake kai mata da rani, mangala bayan mangala. Ƙwaƙwalwar ɗalibi ma gona ce da ake nomawa kullum, takinta kuwa barci. Wanda ya hana ta wannan taki zai yi ta shuka karatu yana girbin ƙaiƙayi.

Abin da ke hana idon runtsawa

Kafin magani sai an san ciwo. Abu huɗu ne suka haɗu a kan ɗalibi.

Na farko araha. Kamfanonin sadarwa suna sayar da data mai rahusa da ke aiki daga tsakar dare zuwa wajen asuba, domin lokacin layukansu ba cunkoso. Waɗanda suka riski shekarun farko na wayar hannu, bayan shigowarta Najeriya a 2001, suna tuna kiran dare na kyauta da ya hana samari da 'yan mata barci. Yau shi ne ya dawo da sabuwar riga. Tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, datar dare ta ƙara farin jini wajen mai ƙaramin aljihu. A ƙauye kuma, sau da yawa sai dare ya tsala sabis ke yin ƙarfi.

Na biyu ginin manhajojin kansu. Littafi yana da shafin ƙarshe, shirin rediyo yana da sallama, amma TikTok da Facebook da Instagram ba su da gindi. Wani injiniya a Amurka mai suna Aza Raskin ne ya ƙirƙiro wannan tsari na jan shafi ba iyaka a 2006, daga baya kuma ya fito fili ya yi nadamar yawan lokacin mutane da yake cinyewa. Ribar kamfanonin tana cikin daɗewarka a ciki, saboda haka kada ka ɗauka raunin zuciyarka ne kawai. An biya ƙwararru kuɗi masu yawa domin su sa ajiye wayar ya yi maka wuya.

Na uku haske. A cikin ƙwaƙwalwa akwai agogon da ke bin fitowar rana da faɗuwarta. Idan duhu ya shiga, jiki yana sakin wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke shaida wa gaɓoɓi cewa lokacin kwanciya ya yi. Haske a ido da dare yana jinkirta shi. A wani bincike da masanan Jami'ar Harvard suka wallafa a ƙarshen 2014, an sa mutane karatu a allo mai haske kafin kwanciya, a wasu dararen kuma a littafin takarda. A dararen allon barci ya fi jinkirin zuwa, melatonin ya ragu, da safe kuma sun fi jin kasala.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi haske ƙarfi, shi ne abin da ke cikin wayar. Musun ƙwallo bayan an tashi daga wasan Turai wajen sha ɗayan dare. Sabon kashi na fim mai dogon zango a YouTube. Littafin soyayya da ake sakin shafukansa a zaurukan WhatsApp. Cacar baki a kan siyasa ko aƙida. Jiran amsar saƙon da aka ga alamar an karanta. A 2024 ga guguwar haƙar kuɗin intanet, irin su Hamster Kombat, da ta sa matasa kwana suna dannan gilashi, ƙarshe da yawa suka tashi da abin da bai kai kuɗin datarsu ba. Duk waɗannan suna tayar da zuciya a daidai lokacin da ya kamata ta kwanta.

Asarar da ake yi

Masana barci sun yi ittifaƙi cewa baligi yana buƙatar aƙalla awa 7 a dare, matashi kuma tsakanin 7 da 9. Yanzu mu yi lissafi irin namu. A ƙasar Kano ana kiran asuba wajen ƙarfe biyar, ya ɗan yi gaba ko baya gwargwadon lokacin shekara. Asuba ba ta matsawa don wani ya yi dare. Wanda ya ajiye waya ƙarfe ɗaya da rabi, barcin awa uku da rabi ya samu. Bashin awa uku da rabi ke nan kowane dare. A mako ya haura awa 24, wato yini da kwana guda cif.

Wannan bashi a aji ake biyansa. Abin da ka karanta da rana ba ya zama daram sai ka yi barci, domin a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke tace shi ta adana, kamar yadda ake sussuka a sheƙe sannan a zuba a rumbu. Almajirai sun daɗe da sanin haka: allon da aka biya da dare aka kwana a kansa ya fi zama da asuba. Ɗalibin da bai yi barci ba yana zaune a lakcar ƙarfe takwas, biro a hannu, amma maganar malam tana wucewa ta saman kansa. Ranar jarrabawa ya ga tambayar da ya tabbata ya karanta, amsar ta ƙi zuwa. Daga nan sai kariyoba, sai ƙarin shekara, sai a sake sayar da buhun gyaɗa ko ɗan akuya a biya kuɗin rajista.

Mafi haɗari shi ne mai bashin ba ya jin nauyinsa. A 2003 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun taƙaita barcin wasu mutane zuwa awa 6 a dare har mako biyu. A ƙarshe hankalinsu wajen aiki ya yi rauni kamar na wanda ya yi kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba, alhali su a bakinsu cewa suke ɗan gyangyaɗi ne kawai. Saboda haka idan ɗalibi ya ce maka shi ya saba, awa huɗu ta ishe shi, sabawa da gajiyar ya yi, gajiyar tana nan.

Ban da karatu, akwai saurin fushi, da ciwon kai, da raɗaɗin ido, da damuwar da ke ƙaruwa idan mutum ya kwana yana kallon motoci da lefe da tafiye-tafiyen sa'o'insa yana auna su da nasa halin. Akwai kuma hanya. Wanda zai hau babur ya bi titin Ɗambatta ko na Bichi da idon da bai yi barci ba, ransa da na wanda ya goya yake wasa da su.

Ga hanyar fita, mataki bayan mataki. Galibinta ba ta buƙatar ko sisi.

Mataki na farko: auna gonarka

Manomi ba ya sayen taki sai ya san girman gonarsa. Ka yi mako ɗaya ba ka canza komai ba, kana rubutu kawai. A bayan littafinka ka ja layi uku: lokacin da na ajiye waya, lokacin da na tashi, yadda na ji a lakcar farko. Sannan ka shiga saitin wayarka. Galibin wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da Samsung, suna da wurin da ake kira Digital Wellbeing. A iPhone kuma Screen Time. Zai nuna maka awa nawa ka yi, da manhajar da ta fi cin lokacinka. Ka rubuta sunayen biyun da ke sama. Yawanci su ne ɓarayin, sauran 'yan rakiya ne. Kada ka yi wa kanka ƙarya a wannan lissafi, domin babu mai duba shi sai kai.

Mataki na biyu: kafa iyaka daga asuba

A nan da yawa ke kuskure: suna fara lissafi daga dare, su ce sai na ji barci zan kwanta. Kai ka fara daga asuba ka ƙirgo baya. Idan ƙarfe biyar kake tashi, awa bakwai baya ita ce ƙarfe goma. Wannan ne lokacin kwanciyarka. Ka ƙara ja da baya awa ɗaya, ƙarfe tara: wannan ne lokacin sallama da waya. Ka sa ƙararrawa a kan ƙarfe taran, domin ƙararrawar kwanciya ta fi ta tashi amfani ga mai wannan matsala.

Iyakar nan ka ɗauke ta kamar gambar da ke tsakanin gonarku da ta maƙwabci. Ba a matsar da ita yau a mayar gobe. Amma idan ka saba kaiwa ƙarfe biyu, kada ka ce yau-yau sai goma. Za ka kwanta kana juyi, ka ce abin bai yi ba. Ka riƙa ja da baya da rabin awa duk bayan kwana biyu ko uku. Cikin mako uku za ka iso. Lokacin tashi kuwa ka riƙe shi ɗaya, har Asabar da Lahadi. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na uku: raba makwanci da waya

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka. Muddin waya tana ƙarƙashin matashin kai, niyya ba za ta yi tasiri ba, domin hannu yana isa gare ta kafin hankali ya farka. Dole a sa tazara.

A ɗakin kwanan ɗalibai, ka kulle ta a akwati ko loka, nesa da gado. Idan kana da abokin ɗaki mai irin niyyarka, ku yi musaya: ya riƙe taka, ka riƙe tasa, sai bayan sallar asuba. A ƙauye kuwa Allah ya kawo mana sauƙi ta inda ba mu zata ba. Tun da dama wajen mai caji ake kai waya, ka mayar da kaiwar bayan isha'i, ka karɓi lambarka ka sa a aljihu, ka karɓo ta da safe cike da caji. 'Yan mata kuma su miƙa wa Inna ta ajiye a ɗakinta.

Za ka ce da ita kake tashi, da ita kake haska ɗaki. Ka nemi ƙaramar waya mai madannai da tocila, wadda ba ta hawa intanet, ka sa layin da 'yan gida ke kiranka a ciki. Ta ishe ka ƙararrawa, ta ishe ka haske, kuma idan wani abu ya taso da dare za a same ka.

Mataki na huɗu: juya datar dare

Ba zan ce wa ɗan talaka ya bar araha ba, domin na san yadda ake haɗa kuɗin. Abin da zan ce shi ne ka ci datar, kada ta ci ka. Hanya biyu ce.

Ta farko, ka ci ta daga ƙarshenta. Ka duba ƙarfe nawa taka ke ƙarewa. Ka kwanta da wuri, ka tashi rabin awa ko awa ɗaya kafin wa'adin ya cika, ka sauke abin da kake buƙata. Wanda ya kwanta tara da rabi ya tashi huɗu da rabi ya samu awa bakwai ɗinsa, ya samu datarsa, ya kuma samu jam'in asuba.

Ta biyu, ka tara aikin. Da rana ka riƙa rubuta abin da kake son saukewa: bidiyon darasi, littafi, takardun da aka tura zauren aji, sabunta manhajoji. Ka ware dare ɗaya a mako, wanda ba ka da lakcar safe washegari, ka sayi datar, ka jera su su yi ta sauka, ka kife wayar ka kwanta. Da rana ka kalla ba tare da data ba. Ƙa'idar ita ce da dare saukewa ake yi, kallo sai da rana. Idan wani abu ya rage ya ƙone, bar shi ya ƙone. Asarar ragowar data ba ta kai asarar lakca ɗaya ba, balle zango guda.

Mataki na biyar: rage wa wayar kwalliya

Ka kashe sanarwar duk wata manhajar sada zumunta, ka bar kira da saƙon tes kawai. Manhajoji biyun nan da ka rubuta a matakin farko, ka sa musu wa'adi a Digital Wellbeing, misali minti 40 a yini. Idan ya cika za su rufe. Ka cire su daga fuskar wayar ka kai su can ciki. Ka kunna tsarin lokacin barci, wanda ke mayar da allon fari da baƙi, domin bidiyo marar launi ba ya jan ido sosai. A YouTube ka kashe abin da ke sa wani bidiyo ya fara da kansa. Idan duk da haka wata manhaja ta fi ƙarfinka, ka goge ta har a gama zango. Asusunka yana nan, ba inda zai je.

Akwai masu kunna tsarin da ke mayar da hasken allo ruwan ɗorawa su ce sun yi maganin abin. Yana rage wa ido zafi, amma ba ya hana zuciya tashi, kuma ba ya mayar da awannin da suka wuce.

Mataki na shida: sanar da mutanenka

Mu mutane ne masu kunya da zumunci, kuma sau da yawa tsoron kada a ce ka yi wulaƙanci ne ke riƙe ka. To ka riga su magana. Ka gaya wa abokai, "Daga ƙarfe tara ba na kan layi, mai uzuri ya kira ni." Wadda kuke hira da ita, ko wanda kuke hira da shi, ku tsayar da lokaci tsakanin magariba da tara. Mai son ka da gaske yana son ka fita da sakamako mai kyau.

Sai zauren aji. Ɗalibai da yawa suna kwana da waya saboda tsoron kada a canza lokacin lakca ko a sa tes cikin dare. Wannan gyara ne na jama'a. Ku zauna da wakilin aji ku yi yarjejeniya: sanarwa tana da zaurenta daban wanda shi kaɗai ke rubutu a ciki, kuma duk sanarwar gobe ta fito kafin tara. Malamai ma ina roƙonsu su taimaka da wannan.

Mataki na bakwai: cike gurbin, ka gyara yinin

Idan ka cire ciyawa ba ka shuka komai ba, wata ce za ta fito. Awar nan da ke tsakanin tara da goma ka ba ta aiki mai sanyi: bitar abin da aka koyar yau a takarda, tilawa, shirya kayan gobe, hira da abokan ɗaki baki da baki, azkar ɗin kwanciya. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin isha'i, ba ya kuma son hira bayanta. Iyayenmu a kan haka suka rayu, shi ya sa suke kan gona kafin rana ta fito.

Barcin dare tun da safe ake shirya shi. Ka fita cikin hasken rana da sassafe, domin shi ke saita agogon jiki. Ka motsa jiki, ko da tafiyar ƙafa ce zuwa aji. Shayi mai kauri, da kofi, da goro, da lemon ƙarin kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa ke nan a jini bayan kamar awa biyar. Saboda haka ka tsayar da su daga la'asar. Ƙailula bayan azahar tana da amfani idan ba ta wuce minti 20 zuwa 30 ba. Wadda ta kai la'asar sakaliya kuwa daga barcin dare take ci.

Idan ka kwanta kamar minti ashirin barci bai zo ba, kada ka nemi waya. Ka tashi zaune, ka ɗauki littafin takarda a haske marar ƙarfi, har ido ya yi nauyi. Dararen farko za su yi wuya, hannu zai riƙa lalube a gefen katifa. Wannan yana wucewa.

Lokuta uku masu santsi

Lokacin jarrabawa ɗalibai suna tafiya aji karatun kwana da waya a hannu, rabin daren ya tafi a hira. Idan za ka yi karatun dare, ka bar wayar a ɗaki, ka buga abin da za ka karanta a takarda. Daren da za a wayi gari a shiga jarrabawa kuwa, barcin awa shida ko bakwai ya fi maka shafi ashirin da za ka tura wa kan da ya gaji. Da sanyin safiya ake kama fara: awa biyun da ke bayan sallar asuba sun fi awa huɗun tsakar dare albarka.

A watan azumi dare gajere ne, ga tarawihi ga sahur. Masu cewa bari su jira sahur a kan waya su ne ke kwana a aji da rana. Ka kwanta da zarar an sauko daga tarawihi, ka ƙara da ƙailula. A goman ƙarshe, idon da zai tsaya tahajjud ya fi cancantar a tanada shi.

Sai hutu, wanda a nan ne gini ke rushewa. Ba lakca, ba mai tambaya. Ɗan wannan yanki dai bai rasa abin tashi da safe: da damina ga noma, da kaka ga roron wake da yankan dawa, da rani ga lambu a bakin dam ɗin Thomas ko na Watari. Ka riƙe aiki ɗaya da zai fitar da kai da sassafe, jikin da ya gaji da aiki ba ya roƙon barci.

Ga iyaye da yayye

Faɗa da ƙwace waya ba su cika yin magani ga wanda ya kai jami'a ba. Ɓoyewa kawai zai koya. Wayar kuma kayan karatunsa ce, da ita yake rajista, da ita yake samun takardun darasi. Abin da ya fi shi ne dokar gida da ta hau kan kowa: bayan isha'i da cin tuwo, wayoyi su taru wuri ɗaya, har ta maigida. Ku tambaye shi abin da yake kallo, ku saurara. Wani lokaci za ku tarar ba nishaɗi ke hana shi barci ba, damuwa ce: kuɗin makaranta, faɗuwa a wani darasi da ya kasa faɗa muku, ko wata magana ta zuciya.

Idan abin ya ƙi

Idan ka bi matakan nan wata guda barci bai daidaita ba, ko kana farkawa tsakar dare da faɗuwar gaba, ko ka daina jin daɗin komai, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa maka, ka je asibitin makarantarku ka ga likita, kada ka jinkirta. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Kada ka sayi ƙwayar barci a kemis da kanka, kada kuma ka karɓi ƙwayar hana barci daga aboki lokacin jarrabawa. Ta wannan ƙofa matasa da yawa suka faɗa shaye-shaye.

Ɗan yayana bai gyaru dare ɗaya ba. Sau biyu yana komawa ruwa, na farko a hutun ƙarshen zango, na biyu lokacin da wata hira ta ɗauke masa hankali. Kowane karo daga matakin farko ya sake farawa, da biro da bayan littafi. Da na koma gida da kakar da ta biyo baya, bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida, ƙanshin sabon gero yana tashi daga ɗaurin da aka jingine, na ce ya ara mini wayarsa in haska wani abu. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan katin mai caji, mai lamba a jiki, ya ce, "Baffa, tana can sai da safe." Kafin goma ya yi mana sallama ya shige. Da asuba, muryarsa ce ta tashe ni.